Digiri a Hannu, Kwamfuta a Kan Tebur: Amsar Wasiƙunku

Wasiƙun da suka taru mini a wannan watan kusan duk magana ɗaya suke yi: wanda ya gama jami'a, da abin da iya kwamfuta ko rashin iya ta ke jawo masa wajen neman aiki. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Ga waɗanda yau suka fara leƙo wannan fili, na yi shekara 22 ina aikin lissafin kuɗi da kula da ma'aikata, kuma a shekaru 9 na ƙarshe ina cikin masu zama su tantance waɗanda za a ɗauka aiki. Daga kan wannan kujerar nake ba ku amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na gama digiri a fannin tattalin arziki da sakamako mai kyau, yau shekara biyu ke nan. Na aika takardar neman aiki wurare sun fi 40, an kira ni intabiyu sau uku, ko ɗaya ban samu ba. A na ƙarshe ajiye mini kwamfuta suka yi da wani fayil na Excel, manhajar nan ta lissafi mai layuka da gidaje, suka ce in fitar da rahoto, na kasa. Abokin karatuna da na fi shi maki nesa ba kusa ba yana aiki tun bara. Shin digirin nawa ya tashi a banza ke nan? Me zan koya, kuma daga ina zan fara? (Daga wani matashi)

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Digirinka bai tashi a banza ba, domin shi ya kai ka ɗakin intabiyu har sau uku. Abin da ya faru bayan ka shiga ɗakin shi ne abin dubawa. Zo in zaunar da kai a gefenmu ka ga yadda abin yake.

Gwajin da muke yi ba shi da wani sirri. Fayil ne mai layi wajen 3,000 na cinikin wata shida: kwanan wata, sunan reshe, sunan kaya, adadi, kuɗi. Da gangan muke barinsa da dattinsa, kamar yadda yake zuwa a wurin aiki. Sunan reshe ɗaya an rubuta shi iri uku, wani da babban baƙi, wani da ƙarami, wani da 'yar tazara a ƙarshe wadda ido ba ya gani. Wasu layukan sun zo sau biyu. Kwanan wata kuwa, wani ya fara da rana, wani ya fara da wata. Tambayar ɗaya ce tak: wane reshe ne cinikinsa ya fi faɗuwa, kuma a wane wata? Minti 40.

Akwai wani yaro da har yau yake faɗo mini a rai, mai digiri mai daraja ta ɗaya. Ya ciro wayarsa ya buɗe kalkuleta, ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar, yana bin layi ɗaya bayan ɗaya yana tarawa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Lokaci ya cika yana layi na 200 da 'yan kai. Abin ya sosa mini rai ƙwarai, domin amsoshin da ya ba mu da baki kafin nan sun nuna kansa yana ja. Shekara huɗu a jami'a ba a sami wanda ya nuna masa cewa abin da yake yi da yatsa injin zai yi shi kafin ya ƙifta ido ba.

Bayansa wata yarinya ta shigo. Tana zama ta kwafi fayil ɗin, ta sa wa kwafin sabon suna, ta bar na asali ba ta taɓa shi ba. Ta tace sunayen rassa, ta ga 11 alhali mun ce mata 7 ne, ta daidaita su. Can sai ta ɗago kai ta ce, "Yallaɓai, waɗannan layukan da suka zo sau biyu, kuskuren shigarwa ne, ko kuwa mutum ne ya sayi abu iri ɗaya sau biyu a rana ɗaya? In na goge su jimillar za ta canza." Na dubi abokin aikina, shi ma ya dube ni. Tun ba ta fitar da amsar ba mun riga mun san wa za mu ɗauka.

Ka lura da abin da yarinyar nan ta zo da shi. Kashi ɗaya sanin kayan aiki ne: tacewa, jerawa, da teburin taƙaita bayanai da Excel ke kira Pivot. Wannan mai himma zai koye shi cikin mako shida. Ɗaya kashin kuwa shi ne rashin yarda da lamba har sai an bincike ta, da sanin irin tambayar da ya kamata a yi. Wannan na biyun shi ne abin da karatun tattalin arziki ya riga ya dasa maka. Abin da ya rage maka shi ne mai sauƙin.

Tun da fanninka ne, ga wani labari. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da binciken da ke cewa idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, bunƙasar tattalin arzikinta kan durƙushe. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. Daga baya wani ɗalibi a jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, aka ba shi aikin aji ya maimaita lissafin wani sanannen bincike, sai ya zaɓi nasu. Ya yi, ya sake yi, lambobin suka ƙi fitowa daidai. Da ya sami ainihin fayil ɗin Excel da suka yi aiki da shi a binciken, cikin 2013, sai ya ga wajen fitar da matsakaici sun tsallake layukan ƙasashe biyar: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Da shi da malamansa biyu suka gyara wannan da wasu matsalolin na yadda aka zaɓi bayanai aka auna su, bunƙasar da aka ce ta faɗi ƙasa da sifili, wato kashi 0.1 a ƙasa, sai ta koma kashi 2.2 a sama. Ɗalibi ne fa, kamar yadda kake shekara biyu da suka wuce. Ya san fanninsa, ya iya buɗe fayil ya bi sawun lissafi gida-gida.

Kada kuma ka ɗauka wurin da ka je ne kawai suke da wannan tsaurin. A 2023 wata ƙungiya a Amurka mai suna National Skills Coalition, tare da reshen babban bankin ƙasar da ke Atlanta, ta duba tallan neman ma'aikata miliyan 43, ta tarar kashi 92 cikin 100 suna buƙatar wani nau'i na iya aiki da kwamfuta. Alƙaluman Amurka ne, kowace ƙasa da nata matakin, amma alƙiblar ɗaya ce.

Ga inda za ka fara. Excel tukuna, kada ka taɓa komai sai ka riƙe shi. Idan ba ka da shi, Google Sheets da LibreOffice kyauta ne, kuma kusan duk abin da ka koya a ɗaya zai yi maka aiki a ɗayan. Ka koyi tsabtace bayanai, da SUMIFS mai tara lambobi bisa sharaɗi, da VLOOKUP ko ƙanensa XLOOKUP masu nemo bayani daga wani teburi, da Pivot, da zana jadawalin da mutum zai kalla sau ɗaya ya gane. Kada ka koya da kallon bidiyo kawai. Bankin Duniya yana sakin alƙalumansa kyauta a intanet. Ka sauko da na hauhawar farashi na ƙasashe biyar a shekara 20, ka tsabtace, ka zana, ka rubuta shafi ɗaya kan abin da ka gano. Sai ka yi na biyu da na uku da wasu alƙaluman. In hannunka ya faɗa, ka shiga SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, daga nan Power BI ko R, manhajojin nazarin alƙaluma. Ɗaya bayan ɗaya, don taura biyu ba ta taunuwa. Ranar intabiyu na huɗu ka shiga da waɗannan shafuka uku a hannunka, ka ajiye su a kan tebur tun ba a tambaye ka ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. 'Yata tana aji biyu a jami'a, tana karanta aikin gona. Ina jin ana cewa yanzu wanda bai karanta kwamfuta ba ba shi da rabo a gaba, har na fara tunanin in sa ta canza fanni ko da za ta rasa shekara. Ta wajen iyawa kam ba ni da haufi, tun tana ƙarama waya ke hannunta, ita ke gyara mana komai a gida. Mene ne shawararka? (Daga wani mahaifi)

AMSA: Barka kadai Yaya, Allah ya raya mana su. Magana biyu ka kawo, kuma a duk biyun ra'ayina ya saɓa da naka. Ka yi mini haƙuri in faɗi dalili.

Ta farko, batun cewa ta iya tun da waya ke hannunta. Wannan zaton ya daɗe yana yawo. Tun 2001 wani marubuci Ba'amurke, Marc Prensky, ya yaɗa ra'ayin cewa yaran da aka haifa cikin zamanin na'ura 'yan gida ne a cikinta, mu manya kuwa baƙi ne. Maganar ta yi daɗin ji, ta bazu, amma da aka zo aunawa ba ta tsaya da ƙafarta ba. A 2018 an yi wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa da ake kira ICILS, aka gwada ɗalibai sama da 46,000 'yan shekara 13 zuwa 14. Kashi 2 cikin 100 ne kacal suka kai mataki mafi girma, wato na iya nemo bayani, a auna gaskiyarsa, a sarrafa shi a fitar da wani abu mai amfani. Waya an ƙera ta ne yadda kowa zai iya ta ba tare da koyo ba. Aikin ofis ba haka yake ba.

Na sha ganin sabon ma'aikaci mai mabiya dubbai a Instagram wanda ya kasa gano inda ya ajiye fayil ɗin da ya rubuta jiya. Na ga wadda ta aika wa mutum 60 saƙon imel da adireshin kowa a fili, kowa yana ganin na kowa, a kan maganar da ta shafi albashi. Na ga mai bugun rubutu da yatsa biyu, shafi ɗaya ya ci masa rabin safiya. Ba dolaye ba ne, ba a koya musu ba ne kawai. Ka gwada 'yarka a hankali, ba da sigar kama laifi ba. Ka ce ta tsara maka takarda mai shafi biyar a Word da lambar shafi da jerin abin da ke ciki, ta mai da ita PDF, ta maƙala a imel da gaisuwa da bayani mai kyau. Ka tambaye ta yadda take gane saƙon 'yan damfara, da ko kalmar sirri ɗaya take amfani da ita ko'ina. Tarayyar Turai tun 2013 ta fitar da ma'aunin wannan ƙwarewa mai suna DigComp, ta kasa shi gida biyar: sarrafa bayanai, sadarwa da aiki tare, ƙirƙirar abu, kare kai, da warware matsala. Yawancin yaranmu a gida na biyu kawai suka yi ƙarfi, shi ma rabinsa.

Ta biyu, canza fanni. In ita ce da kanta take son kimiyyar kwamfuta, ranta ya kwanta a kai, wannan wata magana ce, sai a zauna da ita. Amma in tsoro ne ke tura ka, ina roƙonka ka bar ta a inda take. Digirin kwamfuta ma ba laya ba ne. A Nuwamban 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami ma'aikata 11,000. A Janairun 2023 Google ya sanar da sallamar 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. Kuma wasu masana biyu, David Deming da Kadeem Noray, sun wallafa bincike a 2020 da ya nuna masu digirin kwamfuta da injiniya kan fara aiki da albashin da ya ɗara na sauran, amma ratar tana raguwa da shekaru, saboda abin da suka koya a makaranta yana saurin tsufa, sababbin ɗalibai suna fitowa da sabo. Fannin mai kyau ne, sai dai mai shi ba ya sauke littafi har ya yi ritaya.

Abin da ke da wuyar samu a kasuwar aiki shi ne mutumin da ya san wani fanni da gaske, sannan ya iya na'urar wannan fannin. 'Yarka ta san ƙasa, ta san iri, ta san cutar shuka. Ta ɗora a kan wannan. Ta koyi QGIS, manhajar zana taswira ce ta kyauta, da ita ake fitar da iyakar gona a kuma duba hotunan tauraron ɗan'adam a ga inda shuka ke fama da ƙishi. Ta koyi KoboToolbox, wadda ake tattara bayanan manoma da ita ta waya ko da babu intanet a wurin. Ta koyi R ko SPSS don lissafin gwajin iri. Sannan in ta zo aikin binciken shekarar ƙarshe, ta yi shi da waɗannan da hannunta, kada ta ba wani ya yi mata. Mai digirin kwamfuta zai iya buɗe QGIS, amma ba zai kalli taswirar ya ce wannan rawayar ta rashin taki ce ko ta tsatsa ba. In akwai abin da za ka kashe wa kuɗi, Yaya, to laftof ce ko da ta hannu, ba sabuwar shekarar karatu ba.

TAMBAYA: Malam, ina da takardun shaida 14 na kwasa-kwasan intanet, daga tallan zamani har tsaron kwamfuta. Duk na jera su a takardar neman aikina amma shiru. Ko in ƙaro wasu? (Daga wani mai digirin harkar kasuwanci)

AMSA: A'a ƙanena, ka tsaya haka. Ba na raina ƙoƙarinka, domin gama kwas a intanet ba ƙaramin abu ba ne. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019 kan kwasa-kwasan da jami'o'in MIT da Harvard na Amurka ke bayarwa a dandalin edX ya nuna a zangon 2017 zuwa 2018 wajen kashi 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka yi rajista suka kai ƙarshe. Kai ka kai sau 14, wannan shaidar juriya ce.

Sai dai ga yadda muke karanta irin takardarka. In na ga fanni 14 mabambanta, abin da ke zuwa mini shi ne mutumin nan bai yanke shawarar abin da yake so ya zama ba. Kuma mun sani sarai akwai kwas ɗin da za a iya barin bidiyo yana ta gudu a tafi wata sabga, a dawo a amsa tambayoyi goma a karɓi takarda. Ba mu da hanyar bambance naka da irin wannan sai ta abin da ka yi da shi. Gani ya kori ji. Ka zaɓi biyu ko uku da suka dace da aikin da kake nema, ka cire sauran. Ƙarƙashin kowanne ka rubuta layi ɗaya na aikin da ka yi da ilimin. In tallan zamani ne, ka nemi wani mai ƙaramar sana'a ka riƙe masa shafinsa wata biyu, ka rubuta yawan masu tuntuɓarsa kafin ka karɓa da bayan ka karɓa. Ko lambar ba ta yi tashin a-zo-a-gani ba, ka kawo ta yadda take, ka faɗi abin da ka gwada bai yi ba. Na fi yarda da wannan fiye da takarda mai hatimin zinare.

TAMBAYA: Malam, na karanta aikin lauya, ina shekarata ta farko a ofis. Abokan aikina suna amfani da ChatGPT, manhajar nan da ake tambaya ta yi wa mutum rubutu, su gama cikin awa ɗaya abin da ke ɗaukar ni yini. Ni kuwa ina ganin kamar ha'inci ne, kuma ina tsoron nan gaba na'urar ta raba mu da aikin gaba ɗaya. In shiga ko in ƙaurace? (Daga wata matashiyar lauya)

AMSA: Ƙanwata, ki shiga, amma da idonki biyu a buɗe. Wannan damuwar da kike da ita kada ki yar da ita, za ta yi miki rana.

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022 an auna tasirinsa ba sau ɗaya ba. Wasu masu bincike biyu a MIT, Shakked Noy da Whitney Zhang, sun ba ma'aikata masu digiri 453 ayyukan rubutu irin na ofis, rabi da na'urar, rabi babu. Masu na'urar lokacin da suka ɓata ya ragu da kashi 40 cikin 100, ingancin aikinsu kuma ya ƙaru da kashi 18. Wani binciken kan ma'aikata sama da 5,000 masu amsa koken abokan ciniki ya nuna sababbin shiga ne suka fi cin moriyar irin wannan na'ura, fiye da tsofaffin hannu. Wato ke da kike shekarar farko, ke ce za ta fi taimaka wa. Ƙaurace mata zai sa ki zama ta baya a ofis ba gaira ba dalili.

Amma ki riƙe wannan labarin, na 'yan sana'arki ne. A 2023 a wata kotun tarayya da ke birnin New York, wasu lauyoyi da ke ƙarar kamfanin jiragen sama na Avianca suka miƙa takardar da ta kafa hujja da tsofaffin shari'o'i shida. Lauyoyin ɗaya ɓangaren suka nema suka rasa, kotu ma ta nema ta rasa. Ashe ChatGPT ne ya ƙago su, har da sunaye da lambobi da kalaman alƙalai. A watan Yuni alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Tarar ba ta kai zubewar mutuncin ciwo ba. Dalilin da ya sa haka ke faruwa shi ne ƙirƙirarriyar basira irin wannan tana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne, gwargwadon tarin rubutun da aka horar da ita da shi. Ƙarya da gaskiya da murya ɗaya take faɗinsu, ba ta in-ina.

Saboda haka ki ba ta aikin da za ki iya dubawa: tsara daftarin farko, taƙaita doguwar takarda da kika riga kika karanta, gyara jimla, jero miki hujjojin da abokin hamayya zai iya kawowa. Duk shari'ar da ta ambata, duk sashen doka, ki buɗe asalinsa ki gani da idonki kafin ki sa hannu. Kada ki zuba mata sunan wanda kike karewa ko sirrinsa, amana ce a wuyanki, kuma ki tambayi shugabanki mene ne ƙa'idar ofis a kan haka. In ya tambaye ki ko kin yi amfani da ita, ki ce e. Ha'incin yana cikin ɓoyewa da miƙa abin da ba ki duba ba.

Batun raba ku da aiki kuwa, wani ɓangare na abin da ƙananan lauyoyi ke yi lallai zai koma hannun na'ura, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ya fi damuna shi ne wannan aikin mai gajiyarwa, na karanta ɗaruruwan shafuka, da shi ne ƙaramin lauya ke gogewa har ya zama babba. Don haka a shekarun nan na farko ki riƙa ware wasu ayyukan ki yi su da kanki daga farko har ƙarshe, sannan ki ba na'urar ki kwatanta. Wanda bai taɓa rubuta takardar ƙara da hannunsa ba, da wane ido zai gane inda na'ura ta karkace?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na karanta tarihi, na gama shekara biyar da suka wuce, na zauna rainon yara. Yanzu ina so in fara aiki. Ba ni da kwamfuta sai waya, lokacina kuma bai wuce awa ɗaya da dare ba in yara sun yi barci. Ina jin kamar jirgi ya riga ya bar ni. Akwai abin da zan iya? (Daga wata uwa mai 'ya'ya biyu)

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wasiƙarki ita na fi daɗewa a kanta, domin matata ta bi ta wannan hanyar, kuma ina nan ina kallo lokacin da take zama bayan an kashe fitilar ɗakin yara, waya a hannu, littafin rubutu a cinya, barci yana fizgarta tana ƙin ba shi kai. Awa ɗaya kullum, in an cire ranakun da yaro ba shi da lafiya ko gajiya ta yi yawa, ta haura awa 250 a shekara. Da ita ta koma aiki.

Ki fara da sanin abin da kike da shi. Mai karatun tarihi an horar da ita ta tambayi takarda wa ya rubuta ta, yaushe, don me, kuma wa ya amfana. A zamanin da na'ura ke iya ƙago hoto da murya da labari, wannan horon ya yi tsada. Gidajen jarida suna da masu tantance gaskiyar labari, ƙungiyoyi suna neman masu rubuta rahoto, ɗakunan adana kayan tarihi da laburare suna mai da tsofaffin takardunsu cikin kwamfuta suna neman wanda zai tsara su ya yi musu bayani. Duk waɗannan gidanki ne.

Waya za ta kai ki wani zango. Google Docs da Google Sheets da Canva duk suna aiki a kanta. Akwai ƙaramin allon bugun rubutu da ake haɗa shi da waya ba tare da igiya ba, ki samu ɗaya, ki jingina wayar da littafi, ki koyi bugu da yatsu goma minti 15 kowane dare. Ki koyi neman asalin hoto da Google Lens, ki koyi tsara rahoto mai kanu da madogara. Amma kada in yaudare ki, waya tana da iyaka. Babban fayil na Excel ba ya daɗin aiki a kanta, kuma ranar gwaji kwamfuta za a ajiye miki. Ko aro ne, ko laburare, ki sami awa biyu a mako a gaban kwamfuta ta gaske, hannunki ya saba da linzaminta da yadda ake adana fayil a folda.

Sai maganar mutane, wadda masu dogon zama a gida suka fi rasawa. Tun 1973 wani masanin zamantakewa, Mark Granovetter, ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa daga wanda kuka san juna sama-sama, ba daga aminai ba, domin aminanki abin da kika sani shi suka sani. A 2022 mujallar Science ta buga sakamakon gwajin da aka yi da mutum miliyan 20 a LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata da masu neman aiki, tsawon shekara biyar, ya kuma ƙarfafa wannan magana. Don haka ki buɗe shafi a LinkedIn, ki nemo 'yan ajinku da malamanku, har waɗanda gaisuwa kawai ke haɗa ku a da. Ki rubuta wa kowanne gajeren saƙo: ga ni, ga abin da nake koyo, ga irin aikin da nake nema. Shekaru biyar ɗin nan kuma kada ki ɓoye su a takardarki. Layi ɗaya ya isa, cewa kin yi rainon iyali daga shekara kaza zuwa kaza, sai abin da kika koya ya biyo baya. Ni dai ban taɓa ajiye takardar mace saboda wannan layin ba.

Ga aikin wata na farko. Ki zaɓi wani hoto ko labari da ke yawo a WhatsApp wanda ranki bai kwanta da shi ba. Ki bi sawunsa har inda ya fara fitowa, ki rubuta shafi biyu a Google Docs: abin da aka ce, yadda kika bincika mataki-mataki, abin da kika tarar, da inda kowace hujja ta fito. In kin gama ki turo wa wannan fili, zan karanta da jan biro a hannu, in mayar miki da gyara kafin fitowa ta gaba.